Kayan gidan tarihi: daga ina suke zuwa, kuma ana ƙara sababbi kuwa?

Abban_Sadiya:
Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na kai yarana uku Gidan Makama. Rabona da wurin tun ina aji biyar na firamare, lokacin da aka jera mu biyu-biyu, malamin ajinmu yana gaba da tsumagiya a hannu. Mun ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, mun ga hotunan sarakuna, har muka iso ɗakin amarya da aka yi wa jere irin na da. A nan 'yata ta tsakiya ta toge, ta ce, "Abba, wace ce amaryar? Ta san an kwaso mata kayanta?" Muka yi dariya, amma har muka koma gida tambayar tana cina. Wai shin kayan nan daga ina ake samo su? Saye ake yi, ko kyauta, ko ƙwace? Kuma ana ƙara sababbi, ko abin da aka tara tun farko shi ke nan?

Ina da dalilin tambaya. Kakarmu ta rasu bara, ta bar tasoshi na tagulla, da akushi, da wani adudu wanda a cikinsa akwai rigar kakanmu ta saƙi mai aska takwas. 'Yan uwa sun ce a sayar a raba. Ni kuma raina bai kwanta ba.

Dan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya. Amma Malam, gidan tarihi ai kabarin kaya ne, abin da ya shiga ya shiga. Ka sayar ka ba kowa haƙƙinsa, gado ba abin wasa ba ne.

Malam_Na_Sito:
@Dan_Kurmi, a hankali dai. Na yi shekara 22 ina aiki a wani gidan tarihi kafin na yi ritaya, kuma ina gaya maka kaya suna shiga, suna fita, suna canja wuri, wasu ma suna mutuwa. Abin da ɗan kallo yake gani a bayan gilashi ɗan tsakure ne. Yawancin kayan suna sito. Ba a nan kaɗai ba, ko babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan yana da kaya kusan miliyan 8, amma abin da ke fili bai wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Hanyoyin shigowa kuwa, wadda na fi gani ita ce kyauta: fada ta bayar da tsohon lifidi ko sirdi, iyali su kawo takobin kakansu. Akwai na tono, wanda masu binciken ƙasa suke haƙowa. Akwai wanda kwastan suke kamawa a kan iyaka ko filin jirgi su miƙo. Akwai aro daga wani gidan. Saye ma akwai idan an ware kuɗi, sai dai shi ne ya fi wuya.

Abu in ya shigo ba a kai shi bayan gilashi kai tsaye. Sai an buɗe babban littafin rajista an ba shi lamba, a rubuta shekarar da ya zo, wa ya kawo, daga wane gari, da me aka yi shi, me ake yi da shi. A auna shi, a ɗauki hotonsa, a rubuta lambar da ƙaramin rubutu a gindinsa inda ido ba ya kaiwa. In tufa ne ko katako, a keɓe shi tukuna a tabbatar bai zo da gara ko asu ba, don riga ɗaya mai asu sai ta gama da ɗaki guda.

Hajiya_Turai:
Ikon Allah. Wato har killace su ake yi kamar alhazan da suka dawo da mura.

Malam_Na_Sito:
Ƙwarai kuwa Hajiya, har ma sun fi alhazan daɗewa a killace.

Bakano_Zalla:
Kada ku manta gidan kansa shi ne babban abin kallon. Ya haura shekara 500. Muhammadu Rumfa ya zauna a ciki kafin ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi ofis a cikinsa, an kuma yi makaranta. To ka ga ginin da aka yi don zaman ɗan sarki ya zama ofis, ya zama aji, yau ya zama wurin da ake sayen tikiti a shiga. In kana neman yadda abu yake canjawa, ɗaga kai kawai ka dubi daurin gugan da ke saman zauren.

Zagezagi_01:
Kanawa dai ba za ku bar mutane su sha ruwa ba. In maganar daurin guga ce, a zo Zariya a ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a tsohon Masallacin Juma'a. Har Jos sai da aka kwaikwayi ginin nan.

Bakano_Zalla:
A Jos ɗin ai har da ganuwar Kano aka kwaikwaya, sai ka faɗi duka. Bazazzagi ko labari zai ba ka sai ya rage mudu.

Binta_Jos:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, a bayan gidan tarihinmu na Jos akwai filin da aka gina irin gine-ginen gargajiya na sassan ƙasar nan da girmansu. Amma bari in dawo da ku kan tambayar Abban Sadiya, don Jos ce ta fi kowa amsar "daga ina".

Tushen kayanmu haƙar kuza ne. A 1928 masu haƙa a kusa da ƙauyen Nok suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu, ba wanda ya san darajarsa. Sai a 1943 aka sake samun wani kan a wajen Jama'a. Wanda ya same shi gonarsa ta doya ya kai shi, ya kafa shi a kan sanda yana korar tsuntsaye da shi. Daga nan labari ya kai ga wani Bature jami'in mulki mai ilmin tono, Bernard Fagg, ya ga kamannin kan nan da na Nok iri ɗaya ne. Ya shiga bin ramukan kuza yana roƙon lebura duk wanda ya ga irinsa kada ya fasa, ya kawo. Da kayan suka taru aka rasa inda za a sa su, shi ne aka buɗe gidan tarihin a 1952.

Abin da nake so ku lura da shi, ba wanda ya zauna ya ce bari mu je neman fasahar mutanen da suka rayu sama da shekara 2,000 da suka wuce. Kuza ake nema. Da a Kano aka yi haƙar, da wata ƙasar aka birkice, da wasu kayan ne a bayan gilashin.

Abu_Hafsa:
Ni fa a nan nake da ja. Waɗannan kawunan ba gumaka ba ne? Me ya kai Musulmi tara gumaka a ɗaki har yana biyan kuɗi ya gani?

Alaramma_Gwale:
@Abu_Hafsa, Allah ya ƙara mana kishin addini. Ba fatawa zan bayar ba, wannan sai manya. Amma Alƙur'ani ya yi ta umartar mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Kuma a irin gidajen nan ne ake ajiye abin da ya shafe mu kai tsaye. A Jos ɗin da ake magana akwai tarin littattafan Larabci na rubutun hannu. A Arewa House ta Kaduna akwai. A Sakkwato akwai cibiyar Waziri Junaidu. Ni damuwata ma ta wannan ɓangaren ce: Alƙur'ani rubutun hannu da zayyanarsa, da gafakarsa ta fata, da allon zayyana na sauka, ai ba mu da fasahar da ta fi su. Amma a gidaje da yawa suna can cikin buhu a saman azara, gara tana karatu a ciki.

Abu_Hafsa:
Na littattafai na yarda. Na kawunan dai ina nan a kan bakana.

Maman_Ilham:
Ni ɗakin amaryar nan da Abban Sadiya ya ambata shi ya tsaya min a rai. Ku dubi jere kawai. Kakar kakata ƙorai ta jera, masu sassaƙa, da faifai a kan kowace. Kakata tasoshi, ana goge su da toka da lemon tsami har ka ga fuskarka. Mahaifiyata kwanukan samira da kwalla da fanteka, an ɗora su bisa juna tun daga ƙasa har kusa da rufi, a gefen gado mai rumfa. Ni tangaran aka sa min a kabad mai gilashi. 'Yata da za a aurar bana ko maganar jere ba ta yi, ita dai kicin.

To ɗaki biyar ke nan a gida ɗaya cikin shekara ɗari da 'yan kai. In gidan tarihi ya nuna guda ɗaya ya rubuta "ɗakin amaryar Bahaushe", wanne ya nuna? Ni da za a ji tawa, da an jera ɗakunan a layi, yaro ya shiga na farko ya fita ta na ƙarshe. Kuma wallahi samirar nan yanzu ne lokacin tara ta. Shekara goma da suka wuce kowane gida akwai, yau 'yan gwangwan sun kusa kwashe ta, ana auna ta a sikeli kamar ƙarfen banza.

Dan_Kurmi:
Haba Hajiya, samira kuma? Kwanon kamfani ne fa, ba wanda ya ƙera da hannu. In aka bi ta taki har bokitin roba sai an sa a gilashi.

Maman_Ilham:
Kwanon na kamfani ne, jeren na waye? Ka taɓa ganin yadda mata suke kwana suna daidaita launi da girma kafin a kawo amarya? Kai dai ka ci tuwo a ciki ka tashi.

Malam_Na_Sito:
Maganar Maman Ilham ita ce ainihin ciwon aikin. Abu yana da lokaci uku: lokacin da ake amfani da shi, lokacin da ya zama tarkace, da lokacin da ya zama abin tarihi. A na tsakiyar nan ake asarar kaya. Lokacin da yake arha ba mai so, lokacin da aka farga ana so babu shi. Mai kula da kaya na ƙwarai shi ne wanda yake saye a lokacin da mutane suke masa dariya.

Suleja_Boy:
Misali a aljihunku ma yake. Ku ciro naira ashirin ku juya bayanta. Ladi Kwali ce take gina tukunya. Randuna da tuluna take yi irin na matan Gwari, na zuba ruwa. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, ya riƙa ajiye nata saboda kyansu, a wurinsa Baturen nan Michael Cardew ya gan su. Da aka buɗe makarantar ginin tukwane a garinmu, wanda a da shi ne Abuja, ta shiga a 1954. Yau tukwanenta suna manyan gidajen tarihi a Ingila da Amurka. Tulun bai canja ba, idon masu kallo ne ya canja.

Hajiya_Turai:
Kuma naira ashirin ɗin kanta ta kusa zama kayan tarihi, ko ruwan leda ba ta saye a unguwarmu.

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina biye da ku tun ɗazu. Namu na Yamai, wanda ake kira da sunan Boubou Hama, an buɗe shi a 1959, kuma shi tun farko ba a yi shi don tsofaffin kaya kaɗai ba. Ciki akwai namun daji, akwai rumfar tufafin ƙabilu, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka haƙo a Gadoufaoua cikin jihar Agadas, har da na wani kada mai girman mota. Akwai kuma maƙera da dukawa da masaƙa suna aikinsu a cikin harabar, kana gani kana saye.

Amma abin da nake son gaya wa Abban Sadiya shi ne labarin itacen Tenere. Wata bishiya ce ita kaɗai a tsakiyar hamada, ayari suna gane hanya da ita. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Duk faɗin Sahara bai sami abin karo ba sai ita. Aka ɗauko gawar itacen aka kawo Yamai aka gina mata rumfa, can kuma aka kafa na ƙarfe a madadinta. Ka ga wani abin haɗari ne yake kai shi gidan tarihi.

Bakano_Zalla:
Direban nan a bincika, ba mamaki Badamagare ne.

Issoufou_Damagaram:
Da Bakano ne ai da ya tsaya ya faskara ta ya sayar.

Kanuri_Kura:
Tunda ana maganar abin da aka samu ba da niyya ba, kada a manta da kwalekwalen Dufuna a Yobe. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da katako a ƙasa. Da aka auna shekarunsa sai ga shi kusan 8,000, tsawonsa ya fi mita 8. Sai a 1994 aka gama fito da shi tare da masana daga Jamus da Jami'ar Maiduguri, kuma an daɗe ana jiƙa shi da magani don kada ya farfashe in ya bushe. Yana Damaturu. Abin da ya ba ni haushi kawai, duk Barebarin da ke yankin a ce Bafulatani ne ya gano mana.

Ardo_Jalingo:
Ai bawa ba ya ganin dukiya sai ubangidansa ya nuna masa.

Lauya_Mai_Shayi:
Ku bar wasan nan in ja kunnen Abban Sadiya, don na ga ana ta cewa ya sayar. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ce duk aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne, haka ma wanda ake amfani da shi a bikin gargajiya in yana da muhimmanci. Irin wannan ba kowa aka yarda ya yi cinikinsa ba, kuma ba a fita da shi waje sai da takardar izinin hukumar. Ban ce rigar kakanka ta kai shekarun ba, mai yiwuwa ba ta kai ba. Amma in wani ya zo ya ce zai saya ya kai wa Bature, ka san inda ka sa ƙafa.

Kuma dalilin dokar a bayyane yake. A shekarun 1990 an yi wa ƙasar Nok da Katsina da Sakkwato tonon rashin imani, haka Bura a Nijar. Har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A shekarar nan ce kuma aka ga wasu na Nok a baje a gidan tarihin Louvre na Faris. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe a 2002 Faransa ta amince na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25.

Binta_Jos:
Kuma abin takaicin tonon sata ba ɗaukewar kaɗai ba ce. Mai sata kai yake nema, sai ya watsar da gawayi da fasassun tukwanen da ke kewaye, alhali da su ake gane shekarun abu da yadda mutanen suka rayu. Masanan Jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a yankin Nok a 2005 ƙasar ma tankaɗe ta suke yi. A haka suka gano gero mutanen suke nomawa. An nuna kayan a Jamus a 2013, daga baya aka dawo da su Kaduna.

Dan_Kaduna_Asali:
Gidan tarihin Kaduna ma ginin tsohuwar hedikwatar jam'iyyar NPC ta su Sardauna ne, a 1975 aka mayar da shi. Na faɗa ne don @Bakano_Zalla ya san ba su kaɗai ke da gini mai tarihi ba.

Sadiq_Berlin:
Ni da nake zaune a nan ina ganin ɗaya fuskar. Gidajen tarihin Turai yanzu raguwa suke yi ta wani ɓangaren. Kayan tagullar Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897 sun watsu duniya. A 2022 Jamus ta sa hannu ta mayar wa Najeriya mallakar sama da 1,100, aka fara kai wasu Abuja a watan Disamba na shekarar. Holan ta mayar da 119 a 2025. Na Landan kuwa suna fakewa da dokarsu ta 1963 da ta hana su fitar da kaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne takardar bayanin da ke jikin gilashi. Wasu kayan suna nan inda suke, ba su motsa ba, amma an canja rubutun: da ana cewa an samo, yanzu ana cewa an kwaso da yaƙi, kuma aro ne daga Najeriya. Abu ɗaya, gilashi ɗaya, labari ya juye. Kuma ina ganin rigunanmu a irin wuraren nan, manyan riguna masu aska, da takalman fata da sirdi. Wasu saye aka yi a kasuwa tun zamanin matafiya, ba duka ne na sata ba, gaskiya ɗaya ce.

Dan_Kurmi:
To a dawo da su a ajiye a ina? Mu da ba mu iya riƙe na hannunmu ba. Gara su zauna can inda ake da na'urar sanyaya ɗaki.

Lauya_Mai_Shayi:
Asara kam an yi a gida, ba mai musu. An yi sata a gidan tarihin Jos a 1987. A 1973 ma Janar Gowon ya ɗauki kan tagulla na Benin daga gidan tarihin Legas ya kai wa Sarauniyar Ingila tsaraba. Amma @Dan_Kurmi, a 2023 shi kansa gidan tarihin Birtaniya ya fito ya ce kaya kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace a sitonsa. Ɓarawo ba shi da ƙabila. Kuma ko da rigarka za ta yage a jikinka, wannan bai ba maƙwabci ikon riƙe ta ba.

Uwar_Gida_Rano:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni abin ya taɓa faruwa da mu. Mahaifinmu ya ba wani gidan tarihi, ba zan faɗi ko na wace jiha ba, sulke da kwalkwalin kakansa. An yi masa godiya, an ɗauki hoto. Bayan rasuwarsa muka je da jikoki mu nuna musu, ba mu gan su a fili ba. Aka ce suna sito, mai makulli ya yi tafiya. Muka koma, aka ce a rubuto takarda. Mu kuma ba mu da ko guntun rasit, Baba da baki ya bayar, irin na mutanen da. Har yau ban ce an sace ba, Allah ya sani, amma ban sake ganinsu ba. Yaron da muka sa wa sunan mai sulken yanzu yana jami'a, bai taɓa ganin abin ba sai a hoton nan guda ɗaya, shi ma ya fara dushewa.

Malam_Na_Sito:
Hajiya, wannan ya taɓa ni. Mai yiwuwa suna nan, don ƙarfe ba ya saurin lalacewa, kuma in an shigar da su rajista sunan Baba yana ciki. Ku rubuta takardar, ku sa shekarar da ya bayar, ku haɗa da kwafin hoton, ku nemi a duba littafin shekarar.

@Abban_Sadiya, darasinka ke nan. In za ku bayar, kada ku bayar da baki. A rubuta, kowane magaji ya sa hannu, a ba ku lambar rajistar kowane abu. Kuma ba dole sai kyauta ba, ana bayar da aro na shekaru, mallaka tana hannunku. Sannan ka sani ko sun karɓa ba kullum za ka ga rigar a fili ba. Haske yana cin baba, yana cin zare. Tufa ana fito da shi ne na ɗan lokaci a mayar da shi duhu ya huta. In ka je ba ka gan ta ba, ba lalle ne an yi maka ba daidai ba.

Abu mafi muhimmanci kuma ba rigar ba ce, labarinta ne. Na sha karɓar riga mai kyau wadda ba wanda ya san wa ya saƙa, wa ya yi ɗinkin, a wace marina aka rina, wa ya sa ta, ran wane biki. Sai mu rubuta "babbar riga, Arewa" mu rufe littafi. Irin wannan ko ta fi kowace kyau, bebiya ce. In akwai tsohuwar da ta rage a gidanku, ka je da waya ka ɗauki muryarta tun kafin ka je ko'ina.

Zee_Mai_Zane:
Ni duk hirar nan ta tsofaffin kaya ake yi. Mu masu zane na yanzu fa? Tun 1958 ɗalibai a Zariya, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta canja zanen ƙasar nan, amma ayyukan irinsu sai ka je Legas ko waje. Wa yake tara zanen bayan manyan motoci? Wa yake tara allunan masu aski, da fastocin finafinan Hausa na zamanin kaset, da zanen lalle, da samfurin hular zanna da ake yayi duk shekara? Magina masu yi wa bango ado da dagi suna ƙarewa, ana rushe gidajen ana sa siminti da tayil. Nan da shekara 50 yaro zai shiga gidan tarihi ya ɗauka Kano ta daina yin komai tun ranar da Turawa suka shigo.

Bakano_Zalla:
Akwai Gidan Ɗan Hausa fa, inda Hanns Vischer ya zauna ya fara makarantar boko a 1909. Hukumar tarihi da al'adu ta jiha tana can, kuma ana ganin aikin masu sana'a na yanzu.

Zee_Mai_Zane:
Na sani Yaya, ina zuwa. Amma nunawa daban, a saya a ba shi lamba a ajiye wa jikoki daban. Shi nake nufi.

Ardo_Jalingo:
Ni dai tambayata, in an tara kaset ɗin, da me za a kunna?

Sadiq_Berlin:
Sai a tara rediyon ma. Da biron da ake juya zaren in ya harɗe.

Abban_Sadiya:
Jama'a na gode, Allah ya saka. Na karanta duka har sau biyu. Jiya da daddare na bi shawarar Malam Na Sito, na je wurin Gwaggo, ƙanwar kakanmu, ita kaɗai ta rage. Da na buɗe adudun ƙanshin tazargade ya tashi, sai ta yi shiru ta daɗe tana shafa wuyan rigar. Ta ce ba saya ya yi ba, surukinsa ne ya ba shi ranar da ya sauke Alƙur'ani, kuma ɗinkin ya ɗauki mai yinsa daga damina zuwa damina. Ta nuna min wani ɗan gyara a hammata da ban taɓa lura da shi ba, ta ce ita ta yi shi da hannunta tana budurwa, ranar da ƙaho ya kama rigar a wajen hawan salla. Na ɗauki muryarta minti 40.

Amma da na ce mata ana shawarar a kai gidan tarihi, cewa ta yi, "A kai rigar Yaya inda kowa zai zo ya tsaya a kanta da takalmi?" Yayanmu kuma har yanzu yana kan a sayar da tasoshin. Don haka ban san inda za mu tsaya ba.

Maman_Ilham:
Tasoshin nawa ne? In dai sayarwar ce, don Allah kada ku ba 'yan sikeli. Ka yi min magana ta akwatin sirri.

Dan_Kurmi:
Ka ji Hajiya, ashe duk wa'azin nan ciniki take nema.

Maman_Ilham:
Gara ni, ɗakin 'yata za su, ba tukunyar narka ba.

Alaramma_Gwale:
Abban Sadiya, tunda rigar ta sauka ce, ka tambayi Gwaggo ko allon zayyanar yana nan. Da wuya a ajiye ɗaya a yar da ɗaya. Ka duba ƙasan adudun da kyau, wani lokaci a cikin tsohon zane ake naɗe shi.